A Hannun Wa Za Ka Karɓi Kwikwiyo: Mai Kiwon Asali, Mai Karya a Gida, Dillali ko Gidan Ceto?

Duk kwikwiyo ɗan mako shida kyakkyawa ne. Wanda aka haifa a ɗaki mai tsabta da wanda aka haifa a keji mai cunkoso, in aka yi musu wanka aka ɗauki hoto, kamarsu ɗaya: ido ƙwal-ƙwal, gashi luf-luf, wutsiya sai kaɗawa take. Abin da ya raba su ba ya fitowa a hoto. Wani aibin yakan bayyana bayan kwana biyar, da amai da gudawar jini. Wani kuma sai an shekara ɗaya ko biyu, ranar da kare ya fara ɗingishi ko ya kasa hawa matakala. Shi ya sa a ganina mai ruwan ido tsakanin baƙin kwikwiyo da ja bai ma iso wurin zaɓin ba tukuna. Zaɓin shi ne a hannun wa zai karɓa, don makonni takwas na farkon rayuwar dabbar, waɗanda mai saye bai gani ba, a hannun wannan mutumin suka wuce.

Hannuwan huɗu ne: mai kiwon asali da ke gwada lafiyar iyaye, mutumin da karyarsa ta haihu a gida, dillali (na shago ko na intanet, duk kanwar ja ce), sai gidan ceton dabbobi. Kafin a ɗora su a sikeli, bari mu san duwatsun awo.

## Abin da za a auna

Uwa. Gani ya kori ji. Ka je inda aka haife su, ka ga uwar tare da 'ya'yanta. Karya mai shayarwa ba ta ɓuya: nononta ya saki, 'ya'yan suna binta, ita ma hankalinta yana kansu. Akwai masu ajiye wata lafiyayyar karya ta nuni, wadda ba ta haɗa komai da kwiyakwiyan ba. Za ka ga ko kallonsu ba ta yi. A rubutu ƙugiya ɗaya ce tsakanin karya da ƙarya, a wannan kasuwa ma tazarar ba ta wuce haka ba. Ka lura da halinta kuma. Uwar da ke makyarkyata ko ta haye ka da haushin tsoro tana gadar da wannan ta jini da ta tarbiyya. Rashin ganin uba kuwa ba laifi ba ne, sau da yawa na wani gida ne aka kai ta barbara, amma ya kamata a san shi, a nuna maka takardunsa.

Kwanaki. Kada a raba kwikwiyo da uwarsa kafin mako 8. Yana iya fara cin abinci tun kafin nan, amma ba ciki kaɗai ake reno ba. A cikin 'yan'uwansa yake koyon sassauta cizo: ya ciji ɗaya da ƙarfi, wancan ya yi ƙara, wasa ya tsaya. Tsakanin mako 3 zuwa wajen mako 12 ne ƙwaƙwalwarsa take karɓar mutane da ƙararraki da taɓawa a matsayin abin yau da kullum. Wanda ya yi wannan zango a kulle yakan tashi da tsoro, kare mai tsoro kuwa shi ne mai cizo.

Rigakafi. A nan aka fi yaudarar mutane, don haka zan ɗan daɗe. Kwikwiyo yana samun garkuwa daga dakashin uwarsa a yinin farko na haihuwa. Garkuwar tana kare shi, amma kuma tana hana allurar rigakafi kamawa, ga shi ba a san ranar da za ta ƙare a jikin kowane ɗaya ba. Dalilin maimaita allurar ke nan. Ƙa'idar ƙungiyar likitocin ƙananan dabbobi ta duniya, WSAVA, ita ce a fara a mako 6 zuwa 8, a riƙa maimaitawa duk bayan mako 2 zuwa 4, ta ƙarshe ta faɗo a mako 16 ko bayansa. Ke nan duk wanda ya miƙo maka ɗan mako takwas ya ce "an gama masa allurai", ko bai sani ba ko ya raina maka hankali. A katin za ka ga haruffa irin DHPP: distemfa (cutar da ke kama numfashi da jijiyoyi), ciwon hanta, fabo (cutar hanji mai sa amai da gudawar jini) da wata cutar tari. Katin gaske yana ɗauke da kwanan wata, da ɗan tambarin da aka ɓanɓaro daga jikin kwalbar maganin mai lambar rukuni, da sa hannu da hatimin likita. Ka kira asibitin ka tambaya. Allurar haukan kare daban take, galibi daga mako 12 ake yi, kuma ba ta wasa ba ce: Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan kashi 99 cikin 100 na mutanen da ke kamuwa da cutar daga kare suke samu. Sai tsutsar ciki. Wata tun a mahaifa take shiga ɗan, wata ta nono, shi ya sa ake fara ba da magani tun yana mako 2, a maimaita duk mako biyu.

Gwajin iyaye. Takardar asali daban, takardar lafiya daban. Rajistar ƙungiyoyin masu kiwon kare, Kennel Club ta Ingila ko AKC ta Amurka, shaida ce ta waye uba, waye kaka, ba ta ce ƙugun kowa lafiya yake ba. Manyan karnuka irin German Shepherd, Rottweiler da Labrador suna fama da gurɓacewar haɗin ƙugu, inda kan ƙashin cinya ba ya zama daram a gurbinsa. Da hoton ƙashi ake ganewa. A Amurka gidauniyar OFA mai tantance irin wannan hoton, wadda aka kafa a 1966, ba ta ba da shaidar ƙarshe sai kare ya cika wata 24. A Ingila ana aunawa daga wata 12, a ba da maki daga 0 zuwa 106, ƙarancin maki shi ne alheri. Sauran nau'o'in kowa da nasa gadon: Doberman da ciwon kumburin zuciya da rashin daskarewar jini, Cavalier King Charles da lalacewar murfin zuciya, Dalmatian da kurumta, Collie da wata ƙwayar gado mai suna MDR1 da ke sa maganin tsutsa na ivermectin mai yawa ya zame masa guba. Yawancin gwajin ƙwayoyin gado sakamako uku yake bayarwa: wankakke, mai ɗauke da ita a ɓoye, da mai cutar. In aka haɗa masu ɗauke da ita biyu, kowane ɗa yana da damar ɗaya cikin huɗu ta fitowa da cutar, alhali iyayen garau suke a ido.

Bayan ciniki. In likitanka ya gano matsala cikin kwana biyu ko uku, me zai faru? In bayan shekara ka kasa riƙe karen, zai karɓa? A rubuta. Alkawarin baki ba ya zuwa asibiti.

## Mai kiwon asali

Alamarsa ta farko tana ba mutane haushi: shi ne zai yi maka tambayoyi. Ina karen zai kwana, awa nawa zai yini shi kaɗai, akwai yara, ka taɓa riƙe irinsa? Nau'i ɗaya ko biyu yake kiwo, ba kullum yake da kwiyakwiyi ba, don cikin karya kwana 63 ne kuma galibi sau biyu take neman barbara a shekara, shi kuwa ba kowane zagaye yake haɗa ta ba. Ana iya sa ka a layi na watanni. Ko ba a Ingila kake ba, dokokin Kennel Club ma'auni ne mai kyau na gane mai tausayin dabbarsa: ba ta rajistar 'ya'yan karyar da ta riga ta haihu sau 4, ko wadda aka yi wa barbara ba ta cika shekara ba, ko wadda ta kai shekara 8, ko wadda aka riga aka yi wa tiyatar haihuwa sau biyu. Haka ba ta karɓar haɗin uba da 'ya, uwa da ɗa, ko wa da ƙanwa.

Shi ya fi kowa tsada, kuma tsadar tana da dalili: hoton ƙashi, gwajin gado, kuɗin barbara, allurai, abinci. Amma kada a ɗauke shi ma'asumi. Matsalar ƙugu ba ƙwayar gado ɗaya ke kawo ta ba, ƙiba da saurin girma ma suna da hannu, don haka iyaye masu kyakkyawan maki suna rage haɗari ne kawai. Sannan tsattsauran riƙon asali kansa yana taƙaita jini. Ka tambayi kusancin dangantakar uwa da uba. Haɗin 'yan uba ɗaya ko uwa ɗaya yana ba da kusancin jini na kashi 12.5, na shaƙiƙai kashi 25.

Akwai kuma inda gwanintar mai kiwo ba ta isa ba, wato inda siffar nau'in ita ce cutar. Pug da Bulldog na Ingila da na Faransa an matse musu fuska har numfashi ya zama aiki. Minsharin da ake yi wa dariya alamar toshewar hanyar iska ce, zafi yana saurin kayar da su, da yawansu ma ba sa iya haihuwa sai an yi tiyata. A 2023 kotun ƙolin Norway ta haramta kiwon Cavalier King Charles saboda yawan cututtukan gadonsa. Wanda ya ga duk wannan ya ce shi dai su yake so, to, kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa. Aƙalla ya nemi iyaye masu buɗaɗɗun ƙofofin hanci, waɗanda za su yi ɗan gudu su dawo ba tare da gurnani ba.

Haɗarin da ya rage shi ne jabu. Kowa yana iya buɗe shafi mai kyau ya kira kansa ƙwararre. Sakamakon OFA a buɗe yake a intanet, ana bincikawa da sunan kare ko lambar rajistarsa. Wanda ya ce "likita ya duba su, lafiya lau" a madadin takardar gwaji, bai amsa tambayarka ba.

## Mai karya a gida

Wannan hannun na fi jin an zalunta a irin wannan muhawara. Ana yi masa kuɗin goro da dillalai, alhali wani lokacin shi ne ya fi kowa gaskiya. Karyarsa ce guda ɗaya, a cikin iyali take, kwiyakwiyan sun tashi cikin hayaniyar yara da ƙarar tukwane, sun saba da hannun mutane. Kana ganin uwa, kana ganin makwanci, kana iya dawowa sau uku kafin ka yanke shawara. Ta fuskar hali, irin wannan ɗan yakan fi na keji nesa ba kusa ba. Kuɗinsa kaɗan ne, wani ma kyauta yake bayarwa.

Rauninsa rashin sani ne, ba mugunta ba. Bai yi hoton ƙashi ba, watakila bai ma san uban ba. Yakan ƙosa ya rabu da su a mako biyar ko shida, lokacin da uwa ta fara gudunsu, kashi da fitsari suka dawo kansa. Amma yawancin wannan yana gyaruwa in ka sa hannu: ka roƙe shi ya riƙe naka har mako 8, ka ɗauki nauyin maganin tsutsa da allurar farko, ka kawo likita da kanka. Abin da ba ya gyaruwa shi ne gado. In ruwa-biyu ne, haɗarin cututtukan da sai an gada ta ɓangare biyu yana raguwa, sai dai gauraye ba ya kare babban kare daga matsalar ƙugu.

Wanda za a guje wa a nan shi ne mai gidan da ya ɗanɗana kuɗin haihuwar farko ya mai da karyarsa injin, ko wanda ke haɗa launi don kasuwa. Misali, in aka haɗa karnuka biyu masu dabbare-dabbaren da ake kira merle, ɗaya cikin huɗu na 'ya'yan yana iya gadar ƙwayar ta ɓangare biyu, irin waɗannan kuwa da yawa kurame ko makafi suke fitowa.

## Dillali

Komai nasa mai sauƙi ne. Kowane nau'i kake so akwai, yau-yau, har ƙofar gida, ko ku haɗu a bakin titi. Ba zai tambaye ka komai ba sai yadda za ka biya. Uwa kuwa kullum tana da uzuri: tana asibiti, tana wani gari, ba ta son baƙi.

Ga abin da ke faruwa a bayan labule. Ana tattaro kwiyakwiyi daga gonakin da ake tara karyoyi don haihuwa kawai, a raba su da uwa da wuri saboda ƙarami ya fi shiga rai, a cakuɗa 'ya'yan gidaje daban-daban a mota ɗaya, daidai lokacin da garkuwar dakashi take janyewa kuma allura ba ta kama ba. Babu yanayin da fabo take so kamar wannan. Cutar ta ɓulla a duniya a 1978, tana cin bangon hanji, ƙwayarta tana rayuwa watanni a ƙasa da kwanon abinci da tafin takalmi, sabulu ba ya kashe ta sai irin su bilic. Daga kamuwa zuwa bayyana galibi kwana 3 zuwa 7 ne, wato ana iya miƙa maka shi yana tsalle alhali ya riga ya kamu. Jinyarta kwanaki ne a asibiti ana ƙarin ruwa, kuma in ba a yi jinyar ba yawancinsu mutuwa suke. In ya mutu a gidanka, gidan ma ya gurɓace, ba ka isa ka kawo wani ɗan da bai gama allura ba nan kusa.

Ba kare kaɗai abin yake shafa ba. Tsakanin 2016 da 2018 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, CDC, ta bi sawun wata gudawa mai bijire wa magunguna da ta kama mutum sama da 100, ta tarar daga kwiyakwiyan shago ta fito. Ƙasashe sun fara rufe wannan ƙofa. A 2019 jihar California ta hana shaguna sayar da karnuka in ba na ceto ba. Ingila ta kafa dokar da ake kira dokar Lucy a Afrilun 2020, sunan wata karya da aka ceto daga gonar haihuwa a Wales, wadda ta haramta wa ɗan tsakiya sayar da kwikwiyon da bai kai wata 6 ba. Faransa ta hana sayar da karnuka da kyanwoyi a shago daga farkon 2024.

Game da "ɗan waje" da ake ƙara wa kuɗi, lissafi kawai za ka yi. A ƙa'idar Tarayyar Turai ana allurar haukan kare a mako 12, a jira kwana 21, wato mako 15 kafin ya tsallaka iyaka a mafi yawan ƙasashensu. Amurka tun Agustan 2024 ba ta barin kare ya shigo sai ya cika wata 6. In ɗan ƙaramin da ke gabanka bai yi kama da shekarun da fasfonsa ya faɗa ba, ɗayansu ba gaskiya ba ne, kuma ba karen ba ne.

A intanet kuma wani lokacin babu ma karen. Cinikin biri a sama ne: a karɓi kafin alƙalami, gobe a ce kuɗin keji, jibi inshora, gata waya a kashe. Ka nemi kiran bidiyo kai tsaye a nuna maka shi tare da uwarsa, ka kuma saka hoton a manhajar binciken hoto ka ga ko ya taɓa fitowa a wani wuri. Sai tarkon tausayi. Mutum ya je ya tarar da ɗan abu a ƙazanta, ya saya don ya cece shi. Na fahimci zuciyar, amma kuɗin da ya biya shi ne jarin haihuwa ta gaba, uwar tana can inda take. Kai rahoto ga hukumar da ke kula da dabbobi ya fi amfani.

## Gidan ceto

Kuɗinsa na ɗawainiya ne, kuma gida mai tsari yakan ba da kare an yi masa allurai, an ba shi maganin tsutsa, sau da yawa an yi masa fiɗiya ko an cire mata mahaifa. Babbar fa'idarsa tana ga babban kare: girmansa ya tsaya, halinsa ya fito, ya wuce shekarun da fabo ta fi kisa. Kwikwiyon ceto kuwa caca ce ta wani fanni, ba a san iyaye ba, ba a san inda girmansa zai tsaya ba. Tari yana yawo a duk inda aka tara karnuka, kuma ainihin halin kare yakan ɗauki makonni kafin ya bayyana a sabon gida. Ka yi hattara da "gidan ceton" da kullum yake cike da 'yan ƙananan nau'o'i masu tsada, dillali ne ya canza riga.

| | Mai kiwon asali | Mai karya a gida | Dillali | Gidan ceto |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin saye | Mafi tsada | Kaɗan ko kyauta | Daga araha zuwa tsada sosai | Kaɗan |
| Ganin uwa | Dole | Cikin sauƙi | Da wuya | Jefi-jefi |
| Gwajin iyaye | Akwai, ana tantancewa | Galibi babu | Babu ko na bogi | Babu |
| Haɗarin makon farko | Ƙarami | Matsakaici | Babba | Matsakaici |
| Lafiyar dogon zango | An fi iya hasashe | Ya danganta da iyaye | Duhu | A bayyane ga babba, duhu ga ƙarami |
| Saurin samu | Watanni | Sai an dace | Yau | Kwanaki ko makonni |
| In matsala ta taso | Yana karɓa | Mutunci ne kawai | Ya ɓace | Galibi suna karɓa |

Ko a hannun wa ka tsaya, ranar ɗauka ka duba da kanka. Ɗaga leɓe, dasashi ya zama ja-ja mai haske, ba fari fat ba. Ido babu kwantsa, hanci babu majina mai kauri, kunne babu wari. Ciki ƙato a kan haƙarƙari a fili tsutsa ce. Duba ƙarƙashin wutsiya ko akwai alamar zawo, shafa cibiya ko ta kumbura, buɗa gashi ka nemi ƙuma da kaska. Tafa hannu ta bayansa ka ga ko zai waiga. Wanda ya lafe a lungu 'yan'uwansa suna wasa, kada ka ce natsuwa ce. Cikin kwana biyu ko uku ka kai shi wurin likitan da kai ka zaɓa, ba wanda mai sayarwa ya nuna ba, don shi zai saurari zuciya ya auna zafin jiki, wanda daidansa yake tsakanin digiri 38 zuwa 39 da ɗoriya. In akwai wasu karnuka a gida, ka ware baƙon wajen mako biyu.

## Wa ya dace da wa

Mai neman kare na aiki, gadi ko kiwo ko bin sawu, ko mai son babban nau'in da aka san shi da matsalar ƙugu da zuciya, ya daure ya shiga layin mai kiwon asali. Shekaru goma ko fiye zai yi da dabbar, horo zai zuba mata, jiran wata shida ba komai ba ne.

Mai gida da ƙananan yara hali ya fi buƙata a kan asali. Ko dai mai karya a gida wanda ya san uwar ya yarda da natsuwarta, ko babban karen ceto da aka riga aka gwada zamansa da yara.

Wanda aljihunsa bai da nauyi kuma bai damu da nau'i ba, mai karya a gida ya ishe shi, da sharaɗin abin da ya rage daga kuɗin saye ya tafi ga allurai har mako 16.

Wanda bai taɓa riƙe kare ba, ko yake yini a wurin aiki, ya bar batun kwikwiyo gaba ɗaya ya nemi babba a gidan ceto. Ɗan mako takwas yana buƙatar a fitar da shi duk bayan 'yan sa'o'i, har cikin dare.

Mai gaggawa, wanda ya yi wa yaro alkawarin kyauta ranar Asabar, shi ne abokin cinikin da dillali yake jira, kuma shi kaɗai ne ban samar wa hannu a cikin huɗun nan ba. Ya sayi kwano da igiyar wuya ya miƙa wa yaron ranar Asabar ɗin, sa'an nan su tafi tare su ga uwar.